Lamba Goma Sha Bakwai

A bayan Nima, inda babbar kwata ta lanƙwasa,
akwai ɗakin kwano mai taga guda.
Nan Kawu Isaka yake dafa roba,
yana zuba tanar da ba ta san ƙasa ba
da jatan landen da bai taɓa gishiri ba,
masu ƙugiya su saya, su je su yi wa kifi ƙarya.

Ni ce mai riƙe littafi.
Na lissafi ne, ragowar aji huɗu,
bangonsa ya sha mai har ya yi duhu.

Robar tana zuwa fara kamar kindirmo.
In ta sha wuta sai ta washe, kana hango gindin tukunya,
sannan Kawu ya miƙa hannu ga kwalabe.
"Nawa ka ɗiga?"
"Kaɗan."
"Kaɗan nawa, Kawu?"
"Kamar hawayen wanda ba a doke shi sosai ba."
Na rubuta uku. Na sa alamar tambaya.

Lamba biyar: kofi ɗaya, kore shida, baƙi ɗaya.
Ya ce sunanta Ganyen Kontomire.
Lamba tara: ja huɗu, rawaya biyu, ƙyalƙyali bakin cokali,
ita ce Shito Ta Kwana.
Lamba goma sha ɗaya ba ta kama ko tsaki ba,
na ja mata layi, amma ban yage ta ba;
wanda ya manta ramin da ya faɗa
zai sake gwada zurfinsa da ƙafa.

Sai goma sha bakwai.
Ranar aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki,
muka ƙarasa a kurfotin Mma Safura,
ni da mafici, shi da ludayi.
Abin ya fito ba kore ba, ba ruwan ƙasa ba,
wani launi kamar Odo bayan ruwan Yuni.
Kawu ya so zubarwa.
Nii Kwatei ya saye su rabin kuɗi, ya tafi Ada.

Kwana uku ya dawo kan babur yana huci:
"Irin wannan! Ɗari biyu! Ga sidi a hannu!"
Ya buɗe waya, kifi ya kai tsawon cinyarsa.

Na buɗe littafi da alfahari:
kore biyar, ja ɗaya, shuɗi ɗaya.
Muka zuba. Ba ita ba.
Muka ƙara ja. Ba ita ba.
Tukunya takwas, jarka ta yi rabi,
tana ta cika faranti, kowacce baƙuwa.
Kawu ya zauna kan bokiti, ya ce,
"Balaraba, kin rubuta abin da na zuba.
Kin rubuta abin da wuta ta yi?"

Ban rubuta gawayi ba.
Ban rubuta mintin da na bar fifita
na leƙa mai kelewele ba,
ko ludayin da bai wanku ba daga lamba tara,
ko ɗan ƙaurin da ya sa mu tari.

Tun ranar shafina ya ƙara gidaje:
wace wuta, minti nawa, wace jarka, wane cokali,
hadari ko rana, wa ya shigo ya yi sallama.
Kowane zubi ina yankar wutsiya ɗaya
in manne ta a gefen lambarta.
Littafin ya kumbura, ba ya rufuwa.

Yanzu yana ta rufe wa Kawu idon dama.
Yakan ɗaga tana saitin taga, ya juya ta,
ya kai ta hanci, ya ce, "Karanto mini."
In karanto. Ya ce, "Ƙara ɗigo."
Mun kai lamba sittin da biyu.
Ta asali guda ta rage, cizon haƙori a wuyanta,
tana cikin gwangwanin madara bisa kanta.
Gobe in Mma Safura ta sauke koko
za mu ari kurfotin.